Daga Tseren Ganganci Zuwa Rali: Wasannin Motar da Suka Zauna Mini

Wani abokin aikina, mutumin Maraɗi, wanda muke ɗaukar kaya tare a kudancin Jidda, ya taɓa biyo ni gida bayan sallar isha'i, ya tarar da sitiyari ɗaure a jikin tebur, ga totur da birki a ƙasa an tokare su da buhun shinkafa don kada su zame a kan tayil. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Malam, kai da ka wuni a hanyar Madina, ashe tuƙin bai ishe ka ba, sai da ka sayo wani ka kawo ɗaka?" Na yi dariya, amma ban ba shi amsar kirki ba a daren, domin a wurinsa duk wasan da aka ga mota a ciki abu ɗaya ne. Aikina tuƙin matsakaiciyar motar kaya ne, irin wadda a nan ake kira dina, kuma tafiyar sama da kilomita 400 tsakanin Jidda da Madina ba baƙuwata ba ce. Duk da haka, shekara kusan 20 ke nan ina wasannin mota na gem, kuma na daɗe da gane cewa dangi ne mai rassa da yawa: akwai wanda na so a ƙuruciya na bari, akwai wanda nake girmamawa ba tare da ya shiga raina ba, akwai kuma wanda har yau yake hana ni barci da wuri.

Da tseren ganganci na fara, kamar yawancin sa'o'ina. Haka nake kiran wasannin da ba ruwansu da nauyin mota ko santsin hanya, inda za ka shiga kwana da gudun kilomita 200, ka gogi bango, ka fito kamar ba a yi komai ba. Asalinsu injinan nan ne na wuraren shaƙatawa da ake jefa wa kwabo, irin su Out Run na kamfanin Sega wanda ya fito a 1986, kuma wannan asali shi ne ya gina halinsu. Wasan da ake so baƙo ya zauna a kansa ya ji daɗi cikin minti guda, ya sake jefa kuɗi, ba zai tsaya koya wa mutum rage giya ba. Ni a wani gidan gem a Kano na haɗu da su, a kan PlayStation 2, lokacin da Need for Speed: Most Wanted na 2005 yake tashe. Akwai jerin 'yan tsere 15 da sai ka kayar da su ɗaya bayan ɗaya kafin ka ƙwato motarka ƙirar BMW M3 GTR wadda aka raba ka da ita ta hanyar zamba a farkon labarin, ga kuma 'yan sanda da ke ƙaruwa gwargwadon ɓarnar da ka yi a gari. Katin ajiya ɗaya ne tak a gidan gem ɗin, saboda haka samarin layinmu duka labari ɗaya muke turawa, kuma duk wanda ya yi sakaci aka kama motar sai ya sha zagi har washegari.

Abin da ya rage mini zumuɗinsu shi ne wata dabara da na gano daga baya, wadda masu ƙera irin waɗannan wasanni suke yawan amfani da ita. Kamar an ɗaure abokan tserenka da roba ne a bayan motarka: in ka yi musu nisa sai a ƙara musu wuta su cim maka, in kuma ka yi karo sai su sassauta su jira ka. Manufar ita ce kada tsere ya yi sanyi, amma sakamakon shi ne duk ƙoƙarin da ka yi a farko ba ya da wani lada, kwanar ƙarshe ce take yanke hukunci. Tun da na fahimci haka, nasarar ta daina yi mini zaƙi.

Wannan reshe yana da ɗan uwa da ya yi tashe a nan Saudiyya, wato wasannin hajwala da suka cika wayoyin samari. Suna kwaikwayon tafhiɗ ne, wasan wulwula mota a kan babban titi da gudu, da motoci masu kama da Camry da Hilux da tituna masu kama da na Riyad. A zahiri hukuma ta tsananta a kan abin, tun 2016 tarar karon farko ta kai riyal 20,000, ban da tsare motar. Ni da nake neman abincina a kan waɗannan titunan, ban taɓa jin sha'awar wasan ba, sai dai na yarda gara yaro ya wulwula a allon waya da ya wulwula a gabana.

Akwai kuma tseren barkwanci na 'yan ƙananan motoci, wanda Super Mario Kart ya kafa a 1992. A ƙasar nan dai Crash Team Racing ne sarki, wanda ya fito a 1999 aka kuma sabunta shi a 2019, kuma da wuya ka sami wanda ya tashi a Makka ko Jidda bai san shi ba. Ba na ajiye shi a gidana, a gidan yayata da ke Makka nake yin sa, musamman a daren azumi bayan an sauko daga tarawihi, lokacin da ake raba allon talabijin gida huɗu, yara su jeru a kan darduma kowa da hannunsa. Wasan ya fi yadda ake ganinsa zurfi. Sai ka yi tsalle ka shiga kwana a karkace, ka riƙe, ka jira hayaƙin salansa ya yi baƙi sa'an nan ka danna, har sau uku a jere, kuma wanda ya iya wannan ba ya rasa ƙarin gudu daga farko har ƙarshe. Ɗan yayata mai shekara 12 ya iya, ni kuwa ban iya ba. Da akwatin nakiya ya hau kaina sai in ji yana ihu, "Kawu, yi ta tsalle ya faɗi!" alhali shi ne ya ajiye mini shi a bayan kwana. A nan ma ana taimakon na baya, domin wanda yake ƙarshe ya fi samun makamai masu ƙarfi, amma ban taɓa jin haushin hakan ba. Wasan da aka yi don kawu da ɗan 'yar uwarsa su zauna wuri ɗaya dole ne ya bar wa mai rauni ƙofa.

Wasannin yawon buɗaɗɗiyar ƙasa irin su Forza Horizon, wanda ya fara a 2012 kuma na biyar ɗinsa ya kai mu Meziko a 2021, ba ni da dogon bayani a kansu. Suna da kyan gani ƙwarai, kuma na kan shiga in zaga in fita. Sai dai kyautar motoci ta yi yawa, kafin ka saba da ɗaya an ba ka goma, ni kuwa motar da ban sha wuya a kanta ba ba na riƙe sunanta.

Sitiyarin da abokina ya gani, saboda tseren kwaikwayon gaskiya na saye shi, na hannu, a kasuwar Haraj. Gran Turismo, wanda Kazunori Yamauchi ya fitar a Japan a 1997, shi ne ya fara nuna wa mutane da yawa cewa wasa zai iya ɗaukar mota da muhimmanci, har yakan sa ka ci jarrabawar lasisi kafin ya bar ka ka shiga manyan gasa, kuma darasin farko shi ne ka tashi mota ka tsayar da ita daidai cikin wurin da aka shata. Bayansa aka sami irin su iRacing a 2008 da Assetto Corsa a 2014, waɗanda ake auna filayen tsere na gaske da na'ura a zuba su ciki har da gargadarsu. A waɗannan wasanni, in ka taka birki nauyi yakan koma gaba, baya ya yi sakayau. Kuma riƙon da taya take yi wa kwalta yana da iyaka, in ka ƙarar da shi wajen birki ba za ka sami na karya kwana ba. Sitiyarin yana juyawa sau biyu da rabi kamar na ƙaramar mota, kuma akwai ɗan inji a cikinsa da ke tura hannunka. Ranar da na fara jin ya yi sako-sako a hannuna a tsakiyar kwana, alamar tayoyin gaba sun saki, sai da gabana ya faɗi, domin na san wannan jin a kan titi bayan ruwan farko ya sauka a kan ƙura. Ba abin mamaki ba ne da wani matashi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya faro daga kan kujerar ɗakinsa har ya ci gasar GT Academy a 2011, gasar da ake zaɓo direban tsere na gaske daga cikin masu yin Gran Turismo, kuma a 2013 ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans.

Da aka fara tseren Formula 1 a bakin tekun Jidda a Disambar 2021, na shafe makonni ina zagaya filin a wasan F1. Tsawonsa kilomita 6.174 ne, kwanoninsa 27, kuma bango yana kusa da kai a kusan ko'ina, ga yawancin kwanonin ba ka ganin mafitarsu sai ka shiga. Kwanar ƙarshe, wadda direban tsere Max Verstappen ya daki bangonta a zagayen neman gurbi na shekarar farko, ni ma na dake ta ba adadi, abin da ya ɗan sanyaya mini rai. Akwai daɗi na musamman a ce kana tsere a wurin da ka san warin iskarsa, ka san inda ake ajiye mota a sayi shayi. Amma bayan zagaye ɗari sai na ga abin ya koma hadda. Ka san allon da za ka taka birki a gabansa, ka san giyar kowace kwana, saura kawai tilawa, kana neman rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ina girmama masu wannan haƙuri kamar yadda nake girmama gardin da ba ya tuntuɓe a karatu, sai dai ni raina yana son hanyar da ban san abin da ke gabanta ba.

Kafin in zo kan wanda na fi so, sai na faɗi wanda ya fi ba abokan aikina dariya, wato tuƙin manyan motoci. Euro Truck Simulator 2 wani kamfani ne na ƙasar Cek, SCS Software, ya fitar da shi a 2012, kuma babu tsere a cikinsa ko kaɗan. Za ka ɗauki kaya daga wannan gari ka kai wancan, ka sha mai, ka tsaya a danja, ka biya tara in ka wuce ƙa'idar gudu, ka nemi wurin kwana in barci ya kama direbanka. Akwai Scania da Volvo da MAN, akwai kuma DAF, wadda sunanta ya zama sunan babbar mota a bakin mutanenmu. Na san abin da za a ce: wannan ai aikina ne aka mayar wasa. Bambancin shi ne a nan babu mai kira a waya yana tambayar inda na kai, babu zafin azahar, kuma in na ga dama sai in tsaya a gefen hanya in kalli ruwan sama yana zuba a gilashi.

Wurin da ya fi kama ni a wasan shi ne ƙarshen tafiya, lokacin da za a yi ribas da tirela a shigar da ita gurbinta. Kafin in zama direba na yi shekara uku ina yaron mota a tsakanin Kano da Maraɗi, kuma aikina a irin wannan lokaci shi ne in sauka in tsaya inda maigidana zai hango ni a madubi, ina cewa, "Zo, zo, karya hagu, zo, tsaya!" in bugi bodi da tafin hannu, in ruga in sa weji. Bai taɓa leƙowa ya duba da idonsa ba. In na ce akwai wuri, to akwai wuri, in kuwa na yi kuskure, mu biyu ne za mu kwana a wurin mai gyara. A wasan tirela kai kaɗai ne da madubinka, kuma kullum na zo wannan gaɓa sai in ji akwai wanda ya kamata ya kasance a wurin amma babu shi.

A rali na same shi. An ɗauko shi daga bayan mota an zaunar da shi a gaba, an ba shi littafi, kuma an ɗora rayuwar direba a kan harshensa. Rali tsere ne da agogo, motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mintuna, a kan hanyoyin daji da duwatsu da aka rufe, wani wuri burji, wani wuri laka, wani wuri ƙanƙara. Kafin ranar tsere direba da abokin tafiyarsa sukan bi hanyar a hankali su rubuta kowace kwana da kowane tudu, ranar tsere kuma abokin tafiyar ya riƙa karantowa tun kafin a iso wurin. A wasannin kamfanin Codemasters, tun daga Colin McRae Rally na 1998 wanda aka sa wa sunan zakaran duniya na 1995, har zuwa DiRT Rally na 2015 da magajinsa na 2019, wannan murya ita ce ƙashin bayan wasan. A DiRT Rally ana auna kwana da lamba: 6 kusan miƙaƙƙiya ce, 1 kuwa matsattsiya. Sai ka ji an ce, "Dama 4, doguwa, tana matsewa zuwa 2, kada ka yanke, 80, tudu, hagu 5." Ma'ana akwai dutse ko rami a cikin kwanar, bayan mita 80 kuma za ka hau tudun da ba ka ganin bayansa, kuma tun kafin ka sauka ya kamata hancin motar ya fara kallon hagu.

Wahalar ita ce kunnenka yana kwana biyu gaba da idonka, hannunka kuma yana kan wadda kake ciki. Wanda ya ce sai ya gani da idonsa zai taka totur, ba zai taɓa yin lokacin kirki ba. Wanda kuma hankalinsa ya tafi na daƙiƙa biyu, ya yi sallama da motarsa. Na taɓa yin nisa a wata hanya ta dajin Wales, cikin hazo da taɓo, tafiyar da ban taɓa yin mai kyanta ba, sai 'yata ƙarama ta leƙo ta ce, "Baba, Mama ta ce shayinka zai huce." Na ce mata ina zuwa. Kalma biyu ke nan, amma a cikinsu aka karanto wata kwana ban ji ba, na hau tudu da giya ta huɗu na tarar da hanya ta karya dama, ni kuwa na miƙe cikin itatuwa. Babu maɓallin mayar da lokaci baya a wannan wasa, saboda haka na lallaɓa da taya uku da fitila ɗaya har ƙarshe, sa'an nan na je na sha shayin, wanda ya riga ya huce.

Kowace ƙasa da halinta. Hanyoyin Finlan shimfiɗaɗɗu ne masu gudu da tsalle, na Girka duwatsu ne masu cin taya, a Monte Carlo kuwa kwalta da ƙanƙara suna cakuɗe a hanya ɗaya, sai ka rasa irin tayar da za ka ɗaura. A kan burji dole ka taka birki da wuri, ka bar bayan motar ya ɗan zame don ya juya maka hancinta, abin da duk wanda ya tuƙa hanyar ƙauye da damina ya sani a jikinsa ko da bai san sunansa ba. In na hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if da iyali a ƙaramar mota, da kwanoninta masu naɗewa kamar rawani da birai a bakin hanya, sai in kama kaina ina ba su lamba a zuci, wannan hagu 2 ce, waccan dama 3, duk da cewa a hankali nake tafiya kuma maiɗakina tana lura da allon gudu fiye da kyamarar Sahir mai kama masu wuce ƙa'idar gudu.

Reshen rali da ya fi kusa da mu shi ne na hamada. Tseren Dakar wani Bafaranshe ne, Thierry Sabine, ya ƙirƙiro shi bayan ya ɓace a sahara a kan babur a 1977, kuma na farko ya tashi daga Faris a ƙarshen Disambar 1978 ya ratsa ta Agadas da Yamai kafin ya kai Dakar. An soke na 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, aka koma Kudancin Amurka daga 2009, sa'an nan a Janairun 2020 aka kawo shi Saudiyya, ya tashi daga nan Jidda. A 2025 Yazid Al-Rajhi ya zama ɗan ƙasar na farko da ya ci ajin motoci, da Toyota Hilux. Wato tseren da ya bi ta ƙasar kakanninmu ya biyo mu har inda muka zo neman abinci. Wasan Dakar Desert Rally na 2022 a wannan hamada aka gina shi, kuma in ka zaɓi mataki mai wuya babu kibiyar da za ta nuna maka hanya. Littafin hanya ne kawai: nisan da za ka yi, zanen dutse ko kwarin da za ka gani, da lambar kusurwar da za ka fuskanta daga cikin 360, irin lissafin da muke yi da kamfas wajen neman alƙibla. A mota akwai mai karanta maka, a babur kuwa, kamar yadda yake a tseren gaske, kai ne direba kai ne mai karatu.

Ban iya haɗa biyun ba, saboda haka da ɗan yayata ya zo hutu sai na ɗauki babur na ba shi aikin karatu. Ya jawo kujera ya zauna a damana, ya ɗauki abin da gaske har yana gyara murya. Mun yi tafiya lafiya tsakanin jajayen duwatsu, sai muka fito fili, ya ce, "Kawu, ɗari biyu da hamsin da huɗu." Na juya na bi. Muka yi ta tafiya babu alamar da littafin ya ambata, babu sawun kowa, sai rairayi, har na tsaya na duba da kaina na ga 245 ne a rubuce. Yaron a makarantar Larabci ya tashi, kuma a Larabci biyar ake fara faɗa kafin arba'in, shi ne wajen juyawa zuwa Hausa ya kifar da lambobin. Tazarar digo 9 ce kawai, amma a kilomita da yawa ta isa ta raba mutum da hanya. Ya ce, "Wallahi Kawu, daidai na gani, bakina ne ya juya." Muka koma inda muka baro sawunmu muka sake ɗaukar hanya. Tun daga ranar muka yi yarjejeniya: lamba da Larabci zai riƙa karanto mini ita, dama da hagu da "tsaya" kuwa da Hausa, domin su ne kunnena yake kamawa ba tare da na yi tunani ba.